Giyar murɗawa: yadda muke gano ciwonta da canza ta a garejinmu

Ni rewaya ne, aikina wayar mota da kwamfutarta, ina da ɗan gareji a nan Gombe ta wajen Bypass ni da yarana. Da can aikinmu bai wuce kik da altaneta da fitilu da hon ba, amma motocin tokumbo da ake shigowa da su yanzu sun sauya mana sana'ar gaba ɗaya, har giya ma da kowa ya sani ta bakanike ce ta dawo hannunmu. Wadda nake nufi ita ce giyar nan ta murɗawa, babu sandar da zaka ja, wani ɗan zagayayyen abu ne a tsakanin kujerun gaba kana juya shi P, R, N, D. Jaguar XF ta 2008 ta zo da shi, irin wanda in ka tada mota yake tasowa sama da kansa, daga baya Range Rover Evoque ta 2011 ta ɗauka da manyan Range Rover ɗin, sai Chrysler 200 ta 2015, sai Ford Fusion daga 2017. A nan garin Evoque da Fusion su muka fi gani.

Abin da masu mota da yawa basu sani ba, abin nan babu wani ƙarfe ko igiya da ya haɗa shi da giyabos kai tsaye. Ɗan aike ne kawai, ka murɗa ya kai saƙo wajen kwamfutar giyabos ta waya, ita ce zata duba ko ka taka birki, ko motar a tsaye take, sannan ta yarda ta saka giyar. A cikinsa akwai allon lantarki da ƙananan sensa masu karanta inda ka juya, da wani ɗan makulli da yake riƙe shi kar ya juyu sai an taka birki, na Jaguar da Range Rover kuma harda ƙaramar moto mai ɗago shi. To kaga in saƙo bai isa ba ai ba lallai laifin ɗan aiken bane, wataƙila hanya ce ta yanke, wataƙila wanda aka aika wa ne baya ji.

Wallahi abin da ya fi ƙona min rai a wannan aikin shi ne mutum ya shigo da mota an riga an yanke masa hukunci a wani waje, an ce Alhaji abin murɗawar ne ya mutu ka aika kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ko ta Apo a Abuja a kawo wani, ya tura kuɗi masu yawa an saka a motar haya an kawo, an ɗaura, mota tana nan a P ko motsi. Kuɗin nan da guminsa ya same su, kuma masu kayan Beljiyam ba sa karɓar kayan lantarki in ya fita shago. Shi yasa dokar garejina ba a kwance ko kusa ɗaya sai mitar auna wuta da sikana, na'urar da take karanta kwamfutar mota, sun yi magana.

Batir muke fara dubawa, kullum. Lafiyayyen batir mota a kashe ya kamata ya nuna kamar 12.6, in ka ga ya sauko 12.0 ko ƙasa to akwai magana, in an tada inji kuma altaneta ta ba da tsakanin 13.5 zuwa 14.5. Motocin nan basa haƙuri da raunin wuta ko kaɗan, lokacin da kik ya ja wuta ta faɗi sai kwamfutocin su rikice, abin murɗawar ya ƙi tasowa, dashbod ya rubuta cewa giyabos ya samu matsala, mai mota hankalinsa ya tashi alhali giyabos lafiyarsa ƙalau. Zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 yana cin batir da wuri, ga kuma masu saka ƙaramin batir na Corolla a Range Rover don sauƙin kuɗi, motar da take son batir na musamman irin wanda ake kira AGM. In mun canza batir a irin waɗannan motocin sai mun gaya wa kwamfuta da sikana cewa sabo ne, in ba haka ba cajin ba zai tafi daidai ba. Muna kuma duba kan batir ko ya yi farin gishirin nan, da wayar nagetib da take ɗaure a jikin bodi ko ta saki.

Daga nan sai fiyus, sai suwic ɗin birki. Wannan ɗan suwic ɗin da yake saman fedal kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma yana iya tsayar da mota ta miliyoyi, domin in kwamfuta bata ga ka taka birki ba ba zata saki makullin ba. Ina sa yaro ya tsaya a baya ya kalli fitilar birki, ni kuma ina kallon sikana ina gani ko tana karanta an taka ko ba a taka ba, don wani lokacin fitila tana kamawa amma ɗayan layin da yake zuwa kwamfuta ya mutu.

Maganar sikana, ƙaramar nan ta aljihu da ake haɗawa da waya yawanci inji kawai take karantawa, ba zata shiga mojul ɗin giya ba, wato ƴar kwamfutar da take cikin abin murɗawar. Sai babba irin Autel ko Launch, ko manhajar SDD ta Jaguar da Land Rover, ko manhajar FORScan in Ford ce. In ka ga U0103 ma'anarta sauran kwamfutoci sun daina jin mojul ɗin canza giya, U0101 kuma kwamfutar giyabos ce ta yi shiru. Amma lamba bata ce ka sayi sabo ba, cewa tayi ba a jin sa, kai zaka nemo dalili. Sai in cire soket ɗinsa in auna ko wuta tana zuwa, ko nagetib yana nan, sannan wayoyin CAN guda biyu da suke a murɗe da juna, waɗanda kwamfutocin motar suke magana da juna ta cikinsu. Ka cire batir ka ɗora mita a fin na 6 da na 14 a soket ɗin sikana, 60 om ya kamata ka gani, in ka ga 120 to wani gefe ya yanke. Ɓera na yi mana wannan ɓarnar sosai, musamman motar da aka ajiye a gida wata da watanni kusa da buhunan hatsi.

Akwai wata Evoque da aka kawo mana ta wata Hajiya, ita kam da gaske abin murɗawar ne. Yana tasowa rabi ya tsaya yana ƙara kirr kirr, wani lokacin ya taso amma fitilun P R N D duk suna ƙiftawa. Batir lafiya, birki lafiya, wuta da nagetib da CAN duk sun iso bakin soket, amma a sikana in na murɗa zuwa D sai ya nuna N ko ya nuna babu komai. Ina ɗaga murfin wajen na ji hannuna yana danƙo. Nace Hajiya dan Allah an taɓa zubar da wani abu a nan? Tace Malam ai yara ne, zoɓo ya kife musu a hanyar Kaltungo amma mun goge tas. Saman suka goge, sikarin ya gangara ciki ya bushe, ƙurar hunturu ta bi ta manne a kai, haƙoran robar da suke ɗaga shi sun cije, allon kuma ya yi kore ya ci. In da wuri aka kawo ana iya buɗewa a wanke da sifirit ɗin lantarki a busar ya tashi, mun sha ceto irinsu, wannan dai ya riga ya wuce nan kuma ban yarda in lallaɓa abin da zai iya ƙin shiga P a kan gangara da yara a ciki ba.

Wajen sayen wani, lambar da take jikin tsohon ita ce komai. Evoque ta farko giya 6 ce, daga 2014 aka koma mai 9 ta ZF, a ido kamar abu ɗaya amma ba lallai wannan ya yi aiki a waccan ba. Hoton sitikar nake ɗauka da lambar casis in tura wa mai kaya, shi ma ya turo min hoton nasa da na fin ɗin soket in duba ko akwai tsatsa, don cikin kayan Beljiyam akwai na motocin da ambaliya ta cinye a can waje. In Kofar Ruwa a Kano akwai ya fi mana kusa, in babu sai Abuja ko Legas.

Ɗaurawar ita ce mafi sauƙi a duk aikin. A sa wa taya waigi, a kashe mota a ɗan jira kwamfutoci su kwanta, a cire nagetib. Murfin da abin ɓamɓara na roba muke ɗagawa, na hana yarana kusantar wajen da sukuddireba saboda in ka karce baƙin fentin nan mai sheƙi ko ka karya kilif har abada sai ya rinƙa ƙara a hanya. Kusoshin masu bakin tauraro ne, a kwance, a danna makullin soket a zare a hankali ba a fizgar waya. Kafin sabon ya shiga sai na wanke ramin tas. A mayar da batir, a goge lambobin, in motar ta nemi a daidaita shi da kwamfuta a yi mata.

Gwaji kuma ba a gaggawa. Kowace giya sai na shiga ƙafata a kan birki, R ta kunna fitilar ribas da kyamara, S, wato giyar gudu da take bayan D, sai an danna ƙasa kafin ta juyu, ba tare da birki ba kuma dole ya ƙi fita daga P. Sai in kashe inji tana D in ga ya koma P da kansa ya nutse. Sannan mu fita titin Bauchi ta yi zafi mu dawo a sake saka sikana.

Masu irin motar nan in ta maƙale muku a P a hanya, dan Allah kar a ɗaura igiya a ja ta da ƙarfi, kar kuma a sa filaya a murɗe abin. Akwai wajen sakin P na gaggawa, inda yake ya danganta da motar, a kira wanda ya sani ya saki a ɗora ta a motar ɗaukar mota, don jan ta tayoyinta a ƙasa yana lalata giyabos. Yaran wankin mota kuma a gaya musu tsumma mai ɗan danshi ya isa, kar su fesa ruwa ko man sheƙi a wajen.