Kafin ki tura wa mujalla labarin nan, tsaya tukuna

Ranar Asabar ɗiyar yayana ta shigo min da waya a hannu tana rawar jiki, wai Gwaggo karanta ki gani, na gama, yau da daddare zan tura. Wata mujallar mata ce ta intanet, irin wadda ake fitarwa duk wata ana yaɗawa a guruf-guruf na WhatsApp, sun sa sanarwa suna neman gajerun labaran bincike, irin wanda za a yi ɓarna a rasa wanda ya yi sai a ƙarshe asiri ya tonu. Na sa tabarau na fara karantawa. Ban kai rabi ba gabana ya faɗi, don akwatin lefen da ta ce an buɗe an zare leshi da ɗankunne na san shi, na san gidan, matar da ta ɗora wa satar ma kaf danginmu babu wanda bai santa ba, sunan kawai ta ɗan juya. Na ce nawa za su ba ki? Ta ce ai babu biya Gwaggo, sun ce za su tallata ni. Na ce kin taɓa karanta mujallar? Ta ce ta dai ga bangonta a Instagram.

Na rasa ta inda zan fara mata, sai faɗa ya zo min maimakon bayani, ta tashi ta tafi tana kumbure-kumbure. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Ni na fara rubutu ne a farkon shekarun 2000, lokacin da littattafan soyayya ke tashe a Kano, ka shiga wajen 'yan littafi a kasuwar Sabon Gari ka ga an jibge su na ɗaya na biyu na uku, ga shagunan haya a unguwanni inda yaro zai kai kuɗi ya karɓo wa matan gida littafi su kwana suna karantawa. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, ta nuna wa mutane cewa mujallar Hausa mai launi za ta iya sayuwa, sai wasu ma suka yunƙuro, har da masu yin ta mata zalla, girki da kwalliya da zaman aure da tallan atamfofin Kantin Kwari, can ta baya kuma a bar shafi biyu na labari. Yawancinsu ba su yi tsawon rai ba, fitowa kaɗan sai ka daina ganinsu. Ni kuma soyayya ba ta dame ni ba, abin da nake so shi ne labarin da mai karatu zai riƙa zargin wannan yana zargin wancan har sai an kai layin ƙarshe. Buga littafi yana son jari, ni ba ni da shi, maigida kuma ya ce ba zai sa kuɗinsa a tatsuniya ba. Shafin nan biyu na bayan mujalla shi ne ƙofar da na gani a buɗe.

A layinmu aka yi suna, maijego ta nemi sarƙar gwal ɗinta washegari ta rasa. Ta ce a cikin kwalla ta ajiye, ta uku daga sama a cikin kabet, a ƙulle cikin hankici. An zazzage ɗaki, an tsare 'yar aiki har ta yi kuka ta gaji, an yi maganar a kai wa malami, daga baya dai aka bar wa Allah, amma kin san mata, an bar wa Allah a baki ne kawai, ƙus-ƙus bai tsaya ba. Waɗanda suka shiga uwar ɗakan ranar ba su da yawa, kishiyarta, ƙanwar miji, 'yar aikin, sai wata baiwar Allah mai kitso da ta zo ta yi mata kitso da ƙunshi ana gobe suna. Ni da na ji wannan wallahi ba tausayi ne ya fara zuwar min ba, daɗi na ji, na ce ga labari ya zo har gida. Na samu takardar fulskaf na zauna bayan isha'i ina rubutawa da fitilar ƙwai. Kishiya kowa zai zarge ta, saboda haka ba za ta yi ba. 'Yar aiki ma haka. Wadda ba wanda zai kawo a ransa ita ce mai kitson, sai na ɗora mata, na sa aka tsinci hankicin a bayan gida da shatin lalle a jikinsa, na sa wata tsohuwa ungozoma ta gano ta da wannan shatin. A matsayin labari ya haɗu, har yanzu in na tuna yadda na dasa maganar lallen tun a sakin layi na biyu ba tare da mai karatu ya farga ba ina jin cewa na iya aikina. Sunan unguwa na canza, sunan matan na canza, amma na bar kwallar nan ta uku daga sama, na bar hankicin, na bar cewa mai kitson bazawara ce mai 'ya'ya mata kuma tana ɗan ɗingishi.

Na kai aka buga min a kwamfuta a wani shago, na ɗauka da kaina na kai ofishin mujallar, ɗaki ɗaya ne a saman bene. Editan ya karanta a tsaye, ya ce ya yi, ya zaro kuɗin mota ya ba ni ya ce in an buga za a ga abin da za a yi. Ban tambayi nawa ba, ban tambayi yaushe ba, ban ce a rubuta min komai ba, kunya ma nake ji kada ya ce yarinyar nan kuɗi ne a gabanta. Ni dai in ga sunana a takarda.

Ya fito. Kwafi ɗaya ne ya shigo layinmu, amma kwafi ɗaya a wancan lokacin sai ya zaga gida goma, wadda ta iya boko ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ana tsinke zogale ana saurare. Kafin sati ya zagayo babu macen da ba ta san wace ce mai kitson cikin mujalla ba. Kuma abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, a wajen mutanenmu abin da aka buga a takarda ya fi ƙarfin jita-jita, cewa suke ai har a mujalla an rubuta. Aka daina kiranta kitso. Masu biki suka daina aika mata. Wata rana na gan ta a bakin famfo ta zo ɗibar ruwa, matan da ke wurin kowacce ta ja bokitinta gefe, wata har da taɓa wuyanta ta ji ko sarƙarta na nan, ita kuma ba ta ce komai ba, ta cika tulunta ta gaishe ni, Maman wance ina kwana, don ba ta ma san ni ce ba, sunan alƙalami na sa. Daga baya ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu.

Na daɗe ina ce wa kaina ai ban ambaci sunanta ba, kuma gaskiya ne ban ambata ba. Ina cewa ai tun kafin in rubuta ana zarginta, wannan kuma rabinsa ne gaskiya, ana zargin kowa da kowa ne, ni ce na tsayar da abin a kanta. Ina kuma cewa laifin edita ne, saboda a rubutuna akwai wani ɗan sakin layi a ƙarshe inda ungozomar ke cewa talauci ne ya ja ta kuma a rufa mata asiri, shi kuma ya yanke shi ya sa tallan turaren wuta a wurin, bai ko gaya min ba. Har yau ina jin haushin yankan nan. To amma ko da ya bar shi me zai canza, ɓarauniya ce dai na mai da ita, sai dai ɓarauniyar da ake tausayi. Ina da ƙuruciya lokacin, babu wanda ya koya min, babu wata babba a harkar da zan je in tambaya, wannan ma ba ƙarya ba ne. Sai dai ba sai an koya wa mutum cewa magana zarar bunu ce ba, da shi muka tashi.

Bayan shekaru, da auren maijegon ya zo mutuwa ana tone-tone a gaban iyaye, sai mijin ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ɗauki sarƙar ya kai wa 'yan gwal ya sayar ya sayi ragon suna, yana nufin ya mayar in ya samu, bai samu ba, kunya ta hana shi magana. Duk layin mun san ba shi da kuɗi a watan, duk mun ga ƙaton ragon da aka shigo da shi da daddare ana gobe suna, har muna cewa Allah ya rufa asiri. Alamar tana ɗaure a tsakar gida tana cin dusa kowa na kallonta. Da na yi haƙuri na yi tunani irin na mai bincike na gaskiya, wa ke da buƙata, wa ke shiga ɗakin ba a tambaye shi, da na ga abin. Na aika a nemo min matar in roƙi gafara, wanda na aika ya dawo ya ce ta rasu. Allah ya jiƙanta, ni kuma ina ta istigfari.

Maganar kuɗi kuwa, bayan kuɗin motar nan ban sake ganin ko sisi ba. Mujallar ta mutu. Can kuma sai na ga labarin nawa a cikin wani ɗan littafi na tarin labarai an canza masa take babu sunana, na yi shiru, a zatona tunda na karɓi kuɗin mota na sayar ke nan. Sai da na fara zuwa zaman marubuta na ANA, wato ƙungiyar marubuta ta Najeriya, na ji cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya rubutu naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma mallakarsa ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce, tsohuwar dokar haka ta ce, sabuwar ta 2022 ma haka. Amma gaskiya ko da na sani a lokacin ba zan bi ba, wa zai je ya tsaya yana iƙirarin wannan labarin nasa ne.

Na so in jero muku shawarwari masu yawa, yadda ake tsara labarin bincike da yadda ake magana da edita, amma da na zo nan sai na ga ba su da yawa.

Kada ki ɗauki abin da ya faru a gidanku ko layinku ki kai mujalla. Canza suna ba ya ɓoye kowa, kwalla da ɗingishi ne ke tona mutum. Yanzu ma ya fi muni, da kwafi ɗaya ne ke yawo, yanzu sikirinshot ɗaya kafin la'asar ya isa guruf ɗin dangi na uwa da na uba. Amma kuma kada ki je ki kwaso min labarin wani jami'in bincike mai baƙin gilashi da bindiga da kika gani a fim ɗin Indiya ko na Amurka, masu karanta mujallar mata ba shi suke nema ba, kuma ɗan sanda ba ya shiga uwar ɗaka. Wadda ke shiga ita ce dillaliya, ungozoma, uwar adashe, mai ƙunshi, su ne suka san abin da ke cikin kabet ɗin kowa, cikinsu za ki samu mai bincikenki, kuma daga cikin gida za ki samu ɓarnar, kuɗin adashe, takardar fili, saƙon da aka goge a waya. Na san na ce kada ki taɓa gida yanzu kuma ina cewa daga gida za ki ɗauko. Toh haka abin yake. Ki ɗauki yadda ake rayuwar, ki bar mutanen.

Sannan dan Allah ku daina ƙare labari da aljani ko mafarki ko boka ya duba ƙasa ya faɗi ɓarawo. Ko kuma haka kawai mai laifi ya fashe da kuka ya tona kansa don marubuciya ta gaji. Duk abin da mai bincikenki ta gano da shi dole mai karatu ya riga ya gan shi tun a farko ya wuce bai lura ba. Mutum uku ko huɗu da za a zarga sun isa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 kalmomi 1000 zuwa 1500 take nema, shafi biyu na mujalla ma bai wuce haka ba, ku kuma kun saba da Wattpad, manhajar nan ta sakawa da karanta labarai a waya, inda ake jan labari har shafi ɗari ana gaishe-gaishe da siffanta gashin jaruma har gadon baya, sai ki ga an cinye rabin wurin ba a ma yi satar ba. Ba kwa karatu, wannan shi ne ciwon. Yarinya za ta tura wa mujallar da ba ta taɓa buɗewa ba, ba ta san tsawon labaransu ba, ba ta san me suke ƙi ba, in an ƙi ɗauka ta hau Facebook tana cewa ana mata hassada. Mu da kuɗin cefane muke ragewa mu sayi mujalla, ku a tafin hannunku take kyauta.

Kada ki bayar kyauta. Wanda ya ce zai tallata ki, ki duba shafukansa, masu turaren wuta da masu kayan gyaran jiki biya suke kafin a sa su, kuma labarinki ne ke riƙe mai karatu har ta kai kan tallan. Ko da yake, in mujallar da gaske ana karanta ta kuma na farkonki ne, ni ba zan ce ki ƙi ba, nima da na ƙi da ban fara ba. Amma ko kyautar ce ki sa a rubuta. Ba sai an kira lauya ba, ki tura wa edita saƙo ki tambaye shi nawa ne, yaushe za ki ga alat, bugu ɗaya ne kika ba su ko har da karantawa a YouTube da sakawa a littafi, kuma in za su yanke wani abu su nuna miki kafin ya fita. Ki ajiye amsar da ya ba ki, kada ki goge don wayarki ta cika. In ya karanta ya yi shiru, ko ya ce haba ƙanwata ai mun zama ɗaya, ki riƙe labarinki, akwai gasa duk shekara, akwai shafukan adabi na jaridu irin su Aminiya, akwai matan da ke biya su shiga guruf don su karanta.