Kafin ka sayi tsohuwar Land Rover, ka fara shiga ƙarƙashinta

Jiya da la'asar ɗan yayata ya zo min da waya a hannu yana ta rawar jiki, wai Kawu duba ka gani, Land Rover ce ya samu a bayan wani gareji, za su haɗa kuɗi shi da matarsa su saya su riƙa gyarawa duk Asabar tare da yara. Na karɓi wayar na duba, hotuna sun kai goma, duk na fenti ne da fitilu da sitiyari, babu ko ɗaya na ƙarƙashin motar. Gabana ya faɗi wallahi, saboda ni ma haka na yi a 2014.

Tawa Series III ce, doguwar nan da ake kira 109, irin da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai injin fetur lita 2.25. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa irinta ya tuƙa shekara da shekaru yana direban ma'aikatan gandun daji, ƙamshin kujerarta kawai na ji na kasa riƙe kaina, ko tayi ban yi sosai ba na biya. Bodin ya yi kyau, babu tsatsa ko ɗigo, ni kuma a lokacin ban san cewa bodin Land Rover na alminiyam ne ba, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma shasin da yake ɗauke da shi ƙarfe ne kuma daga ciki yake ruɓewa. Ranar da mai walda ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen baya da guduma sai gudumar ta shige, jar ƙasa da ɓawon tsatsa suka zubo masa a fuska. Wajen da direba ke taka ƙafa shi ma duk ya cinye, tabarmar roba ce ta rufa masa asiri.

Toh maimakon in tsaya in yi lissafi sai zuciya ta ɗebe ni, cikin sati ɗaya na kwance motar gaba ɗaya a tsakar gida, injin gefe, giyabos gefe, ƙofofi jingine da bango, notika kuma na zuba su a gwangwanayen madara ban rubuta komai ba, wai ai zan tuna. Ban tuna ba. Ga shi yawancin notikanta awon inci ne na Ingila, sifanar da muke da ita ta motocin Japan ba ta kama su daidai, sai dai ta cinye musu kai. Na yi sawu a kasuwar Panteka neman kayan gyara, na je ta Ƙofar Ruwa ya fi a ƙirga, wani lokaci kafireta ɗaya za ta ci maka wata biyu kana nema.

Abin da ya fi damuna har yau ba wannan ba ne. Na ce wa kowa aikin iyali ne, alhali ni kaɗai na yanke shawara. Kuɗin adashin maman yara na ara na sayi sifirin da kayan burki, sai da aka shekara biyu kafin na biya ta, akwai zangon da kuɗin makaranta ya makara saboda lagireto, kuma ba ta taɓa ɗaga min murya ba, shirun nan nata ne yake cina. Shekara huɗu motar tana zaune a kan bulo ta cinye mata wajen shanya. Amma kuma fa ban sha giya da kuɗin ba, ban yi caca ba, ina gida yarana suna ganina. Babbar 'yata tana da shekara 12 ta iya taka burki tana riƙewa ina fitar da iska daga ƙasa, ta san jan liba na giyar ƙarfi ne, rawayan kuma in ka danna shi tayoyi huɗu ne ke ja. Ranar da muka shiga garinmu da damina a 2018, hanyar da ƙananan motoci suka kafe a laka muka wuce su, tsofaffi suka fito suna shafa ta suna ambaton mahaifinmu, na yi hawaye. Sai dai wannan bai biya maman yara shekarunta huɗu ba, na sani.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, amma wa zai karanta? Ku yaran yanzu bidiyon minti ɗaya kuke gani a TikTok, mota ta shiga a ruɓe ta fito tana ƙyalli, ba ku san watanni nawa aka yanke a tsakani ba, kuma da ƙyar a samu wanda zai yarda baƙin mai ya taɓa masa farce, hoto kawai ake so a ɗora.

Kar ka saya. In kuɗin cefane da na makaranta daga aljihu ɗaya suke fita da kuɗin motar, kar ka saya, musamman tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tawa lita ɗaya da ƙyar take kai ni kilomita shida. In matarka ba ta ce eh da bakinta ba bayan ka faɗa mata gaskiyar kuɗin, to ba aikin iyali ba ne, naka ne. In kuma ka saya kar ka kwance komai lokaci ɗaya, fara da burki, ka bar ta tana tashi tana tafiya, duk abin da ka cire ka ɗauki hotonsa, nan ne wayar taku za ta yi amfani.

Amma in ka samu mai lafiyayyen shasi ka saya ko da bashi ne, don 'yan gwangwan suna ta sare su suna aunawa a sikeli, kuma ba a sake ƙera irinsu. Na san yanzu na ce kar a saya. Duka biyun nake nufi.

Na dai ce wa ɗan yayar tawa kar ya ba da ko sisi, ranar Asabar zan bi shi da guduma da tocila, ya sa tsofaffin kaya don shi zai kwanta a ƙasa, kuma ya taho da matarsa.