Layin Dogon Lobito da TAZARA: Inda Gizo Ke Saƙar

Mai son gane takarar Amurka da Sin a Afirka ya dubi yankin Kolwezi a kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Ƙasar ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, ma'adinin da ake haɗa batir da shi, ga jan ƙarfe jibge. Wahalar tana wajen kai kayan bakin teku. Mafi yawa manyan motoci ke ɗauka zuwa Durban ko Darussalam, direba ya yi kwanaki a jere a Kasumbalesa, iyakar Kongo da Zambiya, yana jiran takarda.

Amurka da Tarayyar Turai sun rungumi hanyar yamma, wato layin Benguela mai kusan kilomita 1,300 daga tashar jiragen ruwa ta Lobito a Angola zuwa Luau da ke iyaka da Kongo. A 2022 gamayyar kamfanonin Trafigura, Mota-Engil da Vecturis ta samu kwangilar gudanar da shi na shekara 30, daga baya hukumar DFC ta Amurka mai ba da rancen ayyukan raya ƙasa ta amince da rancen dala miliyan 553. Wannan layin kuwa kamfanin Sin ne ya sake shimfiɗa shi bayan yaƙin basasar Angola, aka buɗe a 2015. Sin ta mayar da martani ta gabas: a 2025 kamfaninta CCECC ya karɓi gyaran TAZARA, layin kilomita 1,860 tsakanin Tanzaniya da Zambiya da Sin ta kammala a 1975, a kan dala biliyan 1.4.

Ciwon Lobito yana cikin Kongo ne. Daga Dilolo da ke iyaka da Angola zuwa Kolwezi kusan kilomita 400 ne na tsohon dogo, ƙarfen ya cinye, shimfiɗarsa ta zaizaye, jirgi sai dai ya ja ciki don kada ya kauce. Komai kyan ɓangaren Angola, wannan ɓangaren ke yanke yawan tan ɗin da zai isa teku. Sannan taragon da ya kai jan ƙarfe dole ya samu kayan dawowa, kamar farar wuta da mahaƙa ke buƙata, in ba haka ba kuɗin jigila ya haura.

Abin da ya fi damuna shi ne, dogo ba ya zaɓar mai kaya. Mahaƙar Tenke Fungurume na hannun CMOC, Zijin na da kaso babba a mahaƙar Kamoa-Kakula, kamfanonin biyu duk na Sin ne. Su ma za su loda ta Lobito in ta fi araha. Gwamnatocin Kongo, Zambiya da Angola ya kamata su sa sharaɗin taragon fasinja da na amfanin gona cikin duk wata sabuwar kwangila tun kafin a sa hannu, domin manomin masara a Huambo ta Angola shi ma ya samu inda zai loda buhunansa.