Shagonmu na ƙera 'yan jiragen ruwan yaƙi na da

Sana'armu ƙera jirgin ruwa ce, amma na kan tebur. Irin jiragen yaƙin Turawa na da masu filafilai, waɗanda iska ke turawa tun kafin a san inji, su muke ragewa sau 100 ko sau 75 mu ƙera su da katako, mu ɗaura musu igiyoyinsu kowacce a inda take a jirgin gaske, a saka a akwatin gilashi. Shagon yana nan Legas, ni da 'yan yarana, kuma asalina kafinta ne na kujeru da gado kafin in faɗo cikin wannan. Masu saye yawanci hafsoshin sojan ruwa ne in za a yi wa wani oga kyautar ritaya, sai kamfanonin da ke harkar tashar jirgi, sai otal-otal, sai kuma jefi-jefi wani Alhaji ya gani a ofishin abokinsa ya ce shi ma sai an yi masa.

Wanda aka fi nema HMS Victory ne, na Ingila. An sa shi a ruwa a Chatham a 1765, shi ne jirgin da Nelson, babban hafsan sojan ruwan Ingila, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa ranar 21 ga Oktoba 1805, a cikinsa kuma aka harbe shi ya mutu, har yanzu jirgin yana nan a Portsmouth ana zuwa kallo. Igwa 104 gare shi. To kwastoma igwar nan yake gani, da fentin ruwan ɗorawa da baƙi da adon bayan jirgi, ya ce kai lallai an sha aiki. Wallahi igwa ita ce mafi sauƙi a ciki, in ka yi guda ɗaya mai kyau ka fitar da zubinta sauran maimaici ne kawai. Inda ran mutum ke fita igiya ce, zan zo kanta.

Farko dai gangar jiki. Ana yanka ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa daga filawud bisa zane, a jera, a bi da sanfefa har lanƙwasar ta tafi sumul, don in haƙarƙari ɗaya ya fi 'yan uwansa tsawo ko da kaurin farce ne sai ya nuna a jiki daga baya. Sai rufi da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, ka jiƙa a ruwan zafi ka lanƙwasa a jikin ƙarfe mai zafi, kuma kowanne sai an fiƙe bakinsa ya tsuke ta wajen goshin jirgi in ba haka ba za su yi ta hawan juna. Rufi biyu muke yi, na ciki da obeche don yana da taushi, na waje da maɗaci ko sapele. Abin da ke ba ni dariya, akwatunan haɗa-da-kanka da ake sayowa daga Turai da tsadar tsiya, in ka buɗe sau da yawa obeche da sapele ɗin nan namu ne a ciki an yanka sirara, shi sapele ma sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci. Mu a kasuwar katako muke tsintar guntaye da arha. Baƙaƙen wurare kuma in na samu zuciyar kanya ba na sa fenti.

Ƙasan Victory an lulluɓe shi da fallayen jan ƙarfe a 1780 saboda tsutsar ruwa mai cin katako da kuma ciyayin da ke manne wa jirgi su rage masa gudu, falle 3,923. Wanda ya biya muna liƙa masa su ƙanana-ƙanana, wanda bai biya ba fenti.

Toh igiya. Victory na gaske igiyar da ke kansa a zamanin da yake aiki ta kai mil 26, wajen kilomita 42 kenan, da 'yan kuraye 768 irin kurar rijiya da igiyoyin ke bi ta ciki, da filafilai har 37. Kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke riƙe da jigunan jirgi, wato dogayen sandunan da ke ɗauke da filafilai, ba ta motsi, ita ana shafe ta da kwalta don kada ruwan gishiri ya cinye ta, shi ya sa take baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu. Akwai kuma wadda matuƙa ke ja suna saki don ɗaga filafili ko juya shi, ita ba a sa mata kwalta sosai don dole ta zame cikin kura, launinta na rama ne. In ka ga ɗan jirgi an yi masa igiya duk fara fat ko duk baƙa kuma duk kauri ɗaya, to wanda ya yi shi bai san me igiyar ke yi ba, ado ya ɗauke ta. A jirgin gaske igiyar da ta ɗaure babban jigo zuwa gaba ta fi cinyar hannun ƙato kauri, ta tuta kuma siririya ce, to in ka rage sau 100 dole bambancin nan ya fito. Shi ya sa ba ma sayen zare mu ɗaura haka nan, murzawa muke da kanmu, mun haɗa wani ɗan inji da injin tsohuwar fanka yana murɗa zare uku su zama ɗaya, kowane kauri da nasa. Sai a ja shi ta cikin kakin zuma don gashin zaren ya kwanta, in ba a yi haka ba bayan wata biyu ƙura ta kama shi ya yi buzu-buzu.

Wanda ke korar yara daga shagon nan kuwa tsanin igiya ne, wannan da ke gefe da gefen kowane jigo da matuƙa ke hawa. Kowane mataki ɗaure shi ake a jikin kowace igiyar tsaye da ƙulli, da matsefata, sai a ɗiga gam da aka tsinka da ruwa, kuma a babban jirgi ƙullin nan dubbai ne. Ba a ja ya yi tsam, sai an bar shi ya ɗan saki kaɗan kamar an taɓa taka shi, in ka ja da ƙarfi kuma igiyoyin tsayen su tsuke a tsakiya su ɓata siffa. Akwai yaron da ya zo min daga wajen tela, shi kam hannunsa ya fi nawa a nan, wanda ya saba da surfani ba ya jin komai. Kafintoci 'yan uwana kuma su ne suka fi saurin cewa maigida a ba ni wani aikin. Ni dokata ɗaya ce, duk igiyar da ka ɗaura sai ka iya faɗa min daga ina ta taso, ta wace kura ta bi, a wane turke aka ɗaure ta a ƙasa, kuma in an ja ta me zai motsa. Wani zai ce wa zai duba? Sojan ruwa na dubawa. Akwai wani tsohon hafsa da ya sa tabarau ya bi igiya ɗaya da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa kafin ya ce a naɗe masa, na ce yallaɓai ai da ma don irinku muke yi.

Wani abu da masu yin wannan aiki a Turai ba sa fama da shi kamar mu shi ne yanayi. Zaren auduga yana tsukewa da danshi ya saki in ya bushe, katako kuma yana kumbura da danshi ya ja jiki in ya bushe. Ka ɗaura jirgi a laimar Legas komai tsaf, a kai shi Kano ko Abuja da hunturu, sai a bugo waya igiya ta yi laƙwas katako ya buɗe baki. Saboda haka yanzu tambayar farko da nake wa mai saye ita ce ina jirgin zai zauna, kuma akwai AC a ɗakin. In arewa za shi, katakon sai ya bushe ƙarau tukuna, kuma ina haɗawa da zaren roba a igiyoyin da ke riƙe jigo duk da ba na son ƙyallinsa. Akwatin gilashi kuma ba na yarda a cire shi daga ciniki, don masu shara da tsumma sun fi kowace igwa karya jirgi.

Kuɗi kam ana kai ruwa rana. Babban jirgi yana cin watanni, fiye da rabinsu a igiya, mutum kuma ya zo yana nuna maka na 'yan dubbai da ya gani a intanet wanda aka liƙa wa zare da gam ko ta ina. Ba na jayayya, ina ajiye masa namu a gabansa kawai. Rabin kuɗi kafin a fara, in ba haka ba ba na taɓa zarto.

Bayan Victory ana tambayar Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628 bai ma fita daga tashar Stockholm ba, aka ciro shi a 1961, shi wahalarsa sassaƙa ce don jikinsa duk gumaka da zakoki, wasu kwastomominmu ma saboda gumakan suke fasawa. Sai USS Constitution na Amurka na 1797. Amma wanda ke kan teburina yanzu ba wanda ya sa ni, Black Joke ne. Jirgin fataken bayi ne na Birazil mai suna Henriquetta, sojan ruwan Ingila suka kama shi a 1827 suka canza masa suna suka mayar da shi mai farautar jiragen bayi a gaɓar nan tamu ta Afirka ta Yamma saboda gudunsa, a 1829 ya kama wani jirgin Sifen El Almirante da bayi 466 a ciki, a 1832 kuma da ya ruɓe suka ƙone shi. Jigo biyu ne kawai da babbar igwa ɗaya mai juyawa a tsakiya, da zanen jirage irinsa ƙirar garin Baltimore na Amurka nake aiki. Na gama gangar jiki, sati mai zuwa in Allah ya yarda za a kafa jiguna, kuma tuni wani otal ya fara tambayar nawa zan bar shi.