Ƙarfen da Ya Rage a Umuahia

Baffana, ƙanen mahaifina, ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara goma sha tara. Ya dawo gida a 1970 da tabo a ƙwauri da wata ɗabi'a da muka taso muna yi wa dariya: ba ya iya ganin yaro ya rage abinci a kwano. Ko loma ɗaya ce sai ya jawo ya cinye, ko da kuwa ya ƙoshi. In muka matsa masa da tambayar yaƙin Biyafara, sai ya ce, "Ku tashi ku je ku yi wasa," ya ƙara wa rediyonsa murya. Abin da muka sani kawai shi ne yana cikin Runduna ta Ɗaya, ta Muhammadu Shuwa. Har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa jin ya kai ƙarshen labari ɗaya ba. Shi ya sa da wani aiki ya taso mini a Inugu, na ƙudura ba zan juyo Kano ba sai na ƙarasa Umuahia na ga gidan tarihin yaƙi. An ce gani ya kori ji. To ni ko jin ma ban samu ba.

Daga Sabon Gari muka tashi da la'asar, a irin manyan motocin nan da ke kwana a hanya. Barci ya ci mini Kaduna da Lafiya, ban farka ba sai a gadar Binuwai a Makurɗi, gari bai gama wayewa ba. Daga nan Otukpo, sai Obollo Afor, inda mata ke bin tagogi da ayaba da yazawa. Kafin mu kai Inugu muka wuce mararrabar Opi, kusa da Nsukka. A wannan yankin aka kashe Christopher Okigbo a 1967, mawallafin waƙoƙin da ya ajiye alƙalami ya ɗauki bindiga. A wannan yankin kuma, a shekarar dai, Chukwuma Nzeogwu ya faɗi, mutumin da ya jagoranci harin gidan Sardauna, wanda a Kaduna aka haife shi har ake masa laƙabi da sunan garin, kuma can aka mayar da gawarsa aka binne. Ojukwu kansa, jagoran Biyafara, haifaffen Zungeru ne, kuma a Kano yake riƙe da Bataliya ta Biyar lokacin juyin mulkin farko, na Janairun 1966. Ina kallon gonakin rogo ta taga ina lissafa wannan, sai na ga ashe yawancin waɗanda aka koya mana sunansu a matsayin abokan gaba, da Hausa za su iya yi wa Baffa sannu da aiki.

Bayan na gama abin da ya kai ni Inugu, na shiga ƙaramar mota da ta bi titin Fatakwal. A Lokpanta, inda kasuwar shanu take, na sauka na sha shayi a wurin wani ɗan Sakkwato. Da ya ji inda na nufa sai ya dube ni.

"Malam, me za ka yi da tsofaffin bindigogi? To ka dai je ka dawo kafin Litinin. Ranar ba a fita a nan."

Dokar zaman gida ce ta masu fafutukar Biyafara, wadda ta soma a 2021. An ajiye makamai tun 15 ga Janairu, 1970, amma ga mai shayi yana tsara cinikin makonsa a kan ragowar wannan rigima.

Umuahia gari ne mai tuddai da jar ƙasa, ga bishiyoyin kwakwar manja ko'ina. Garin Janar Aguiyi-Ironsi ne, kuma nan Biyafara ta mayar da fadar mulkinta bayan Inugu ta faɗi a Oktoban 1967, ta zauna har Afrilun 1969, lokacin da Runduna ta Ɗaya ta shigo. Wato wannan jar ƙasar da ta ɓata mini takalmi, wataƙila ta taɓa ɓata na Baffa.

An kafa gidan tarihin a 1985. Tun daga fili ake fara kallo. Ga jirgin ruwan yaƙi, NNS Bonny, a girke a kan tudu, ba ko kududdufi kusa da shi. Ga jiragen saman da tarayya ta samo daga Rasha. Ga wani ɗan mitsitsin jirgi irin waɗanda Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin, ya kawo wa Biyafara a 1969. In ka gan shi sai ka ɗauka na feshin gona ne, amma da irinsa aka riƙa kai hari filayen jirage. Sai motocin sulken da 'yan Biyafara suka haɗa da hannunsu daga tsofaffin ƙarafa, walda duk a bayyane kamar aikin maƙeran bakin titi. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ogbunigwe. Kamar bokiti yake, ba shi da wani kwarjini. Injiniyoyi da malaman jami'a ne suka ƙera shi da aka toshe musu hanyar sayen makamai, ana cusa masa albarushi da ɓaraguzan ƙarfe, kuma ma'anar sunan ita ce mai kashe jama'a a tare. A Abagana, cikin Maris na 1968, ayarin motocin Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammad ya ƙone ƙurmus a wani kwanton ɓauna da har yau ake ba da labarinsa a nan da alfahari. Mai yi mana jagora ma da alfahari ya faɗa. Ban ga laifinsa ba, basira ce ta gaske. Sai dai ni, a raina, ina ganin samari 'yan Gumel da Gboko da Zuru a bayan waɗannan motoci, kowa da layar da uwarsa ta ɗaura masa.

Daga nan muka gangara ramin ƙarƙashin ƙasa inda gidan rediyon Muryar Biyafara ya ɓuya. Iska a wurin nauyi gare ta. Akwai hotunan manyan ɓangarorin biyu, kowa cikin kaki mai guga, sannan akwai hotunan yara: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja ya zube, idanu sun fi fuska girma. Ciwon tamowa ne, wanda duniya ta san shi da kwashiyoko. Bayan Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, ba sauran hanyar teku, abinci sai wanda jiragen agaji suka sauke da dare a Uli, a kan wani titin mota da aka mayar filin jirgi. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, wasu ma su haura haka, kuma yunwa ta fi harsashi ɗiba. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ma abin tsoro ce. Mutum miliyan ɗaya da rabi ke nan da ba a iya tabbatar da ko sun mutu ko ba su mutu ba, don ba wanda ya tsaya rubuta sunansu.

Na fito na zauna a inuwa, na kira gida. Ina ajiye waya sai wani dattijo da ke gefen bencin, da sanda a tsakanin gwiwoyinsa, ya ce, "Bakano ne kai, ko?" Da Hausa ya faɗa, Hausar Kano tsantsa, har da wannan lanƙwasar ta mutanen Fagge.

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. A Sabon Gari aka haife ni. Babana ma'aikacin reluwe ne."

Yana ɗan shekara goma sha biyu suka gudo, a Oktoban 1966, lokacin rikicin araba da aka riƙa kashe Ibo a Arewa. Wani maƙwabcinsu mai sayar da goro ya ɓoye su kwana biyu a ɗakin matarsa, ya rufa wa uwarsa mayafi ya raka su. Wani maƙwabcin kuma, wanda suke cin tuwon salla tare, shi ya fara ɗauke musu keken ɗinki. Ya faɗi su biyun da murya ɗaya, bai ɗaga ba bai sauke ba. Ya ce a lokacin yaƙi sun ci ƙadangare, sun ci gyare, sun ci ganyen rogo, amma abin da ya fi damunsa a matsayinsa na yaro shi ne gishiri. Har mafarkinsa yake yi. Ƙanwarsa ta rasu a bayan uwarsu, suna kan layin karɓar busasshen kifi da garin madara, uwar ba ta sani ba sai da layi ya zo kanta. Da aka gama, uban ya je banki, aka ba shi fam ashirin, kamar yadda aka yi wa duk wanda ya taɓa ajiyarsa da kuɗin Biyafara, komai yawan abin da ya tara.

Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce, "Amma Baba, ai mu ma an kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari."

Ya yi murmushi. "An kashe. Ina Kano ranar, na ga mata suna kuka. Kai daga Janairu kake fara ƙirge, ni daga araba nake farawa. Kowa da ranarsa."

Kunya ta kama ni, don na gane abin da na yi: ya ajiye mini gawar ƙanwarsa, ni kuma na zaro tawa gawar na ɗora a ɗaya gefen sikeli. Haka muke yi duka, shekara hamsin da ɗoriya. Mu Hausawa muna cewa yaƙi ɗan zamba ne, muna nufin dabarar da ake yi wa abokin gaba. Ni ina ganin babbar zambar a harshe take. Kirari da tambura da waƙoƙin mazan jiya sun san wanda ya tsaya da wanda ya ja da baya, sun san doki da takobi, amma ba su da baiti ko ɗaya ga sojan da zawo ya kashe a rami, ko ga wanda ya shiga ƙauye ya tarar ba kowa sai yaran da ba sa iya korar ƙuda daga bakinsu. Sanarwar rediyo ta ce an kama gari kaza, shi ke nan. Gidan tarihi ma, duk ƙoƙarinsa, abin da bai ruɓe ba yake iya ajiyewa. Ƙarfe yana jure ruwan sama. Mafarkin gishiri kuwa ba a sa shi a gilashi. Janar Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, kuma na yarda maganar ta hana ramuwar gayya mai yawa. Amma a kan wannan benci, ban ga wanda ba a ci ba.

Na ba shi labarin Baffa, da tabon, da kwanon yara. Na gaya masa rundunar da yake ciki, ina jiran ya tashi ya bar ni. Ya daɗe yana kallon jirgin ruwan nan da ke zaune a kan busasshiyar ƙasa.

"Ya taɓa ba ku labari?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Ni ma 'ya'yana ban ba su ba. Da Ibo ba ya faɗuwa. Yau da na ji Hausa ne ya fito."

Jikansa ya zo da babur zai ɗauke shi. Na riƙe masa sanda har ya hau, ya gyara zama, sannan ya juyo.

"Ɗana, har yanzu ana yin gurasa a Jakara?"

Na ce ana yi.

"Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa?"

Na ce har da albasa. Ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar yaron, suka gangara. Ranar Asabar ce, na nufi tasha neman motar Inugu.