Ƙuri'un da muka bayar tun ba a taya ba

Shekarar da aka ba ni mataimakin sakatare a reshenmu na Kaduna ita ce shekarar zaɓen shugabannin ƙungiyarmu na ƙasa. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba don har yanzu ina ciki ina biyan kuɗin shekara. Mu tsarin daliget muke yi, kowane reshe ana ba shi kujeru gwargwadon yawan mambobin da suka biya kuɗinsu, kuma Kaduna muna da nauyi, duk mai neman kujera sai ya biyo ta kanmu.

Saura wata uku zaɓe aka kira mitin ran wata Asabar a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi, aka raba lemo da cincin, sai ciyaman ya miƙe ya ce dattawa sun zauna sun duba, wane za mu yi, mu duka, ƙuri'a ɗaya ba za ta fita ba, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Aka tafa. Wata 'yar'uwa daga can baya ta ɗaga hannu ta ce "Yallaɓai ciyaman, to shi me ya ce zai yi mana?" Ya yi murmushi ya ce "Haba Hajiya, namu ne fa, ai ba a ciniki da ɗan'uwa." Aka yi dariya aka wuce. Ni ke riƙe da biro ranar, na rubuta an amince baki ɗaya alhali ko hannu ba a ƙirga ba, kuma saboda rawar kai irin ta sabon shiga ko magariba ba a yi ba na watsa sanarwar a WhatsApp har da hotuna.

To daga ranar ɗan takararmu bai sake taka Kaduna ba wallahi. Me zai zo yi? Ya riga ya sa mu a aljihu, sai ya kwashi kamfen ɗinsa ya tafi wajen rassan da ba su furta ba. Abokin karawarsa da ya sa ranar zuwa shi ma ya fasa, ba ya ɓarnar mai a banza. Wani ƙaramin reshe maƙwabcinmu da daliget ɗinsu ba su kai rabin namu ba suka ja bakinsu suka tsuke har daren zaɓe, kowa na zarya ɗakinsu a otal, ƙarshe suka tashi da kujerar mataimakin ma'aji. Mu abin da ke damunmu kullum shi ne a kawo cibiyar horaswa Kaduna a daina jan mutane Abuja da Legas, amma ba wanda ya rubuta hakan a takarda ya ce ga sharaɗinmu.

A jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu na zauna kusa da wani dattijonmu na yi masa ƙorafi, ya ce "Ɗana, haɗa kan ba laifi ba ne, saurin bakinku ne laifin." Na ji kunya don bakin nan nawa ne. Amma ni har da yadda aka haɗa kan ina da ja, mutum biyar a falo su yanke wa ɗaruruwa, sannan a wurin zaɓe a ce kowa ya ɗauki hoton takardarsa a waya ya nuna, wai kar a samu maci amana. Na ɗauka kuwa, ban da bakin magana.

Abokaina lauyoyi na yawan yi min gori, su a ƙungiyarsu ta lauyoyin Najeriya, NBA, tun 2016 suka bar daliget suka koma kowa ya jefa tasa ta intanet, shekarar da A.B. Mahmoud ya ci shugabancinta, kuma a 2020 matasansu suka tsaya wa Olumide Akpata duk da ba shi da muƙamin babban lauya na SAN ya haye. Ba wai su ma sun daina tsayar da ɗan yanki ba ne, sai dai dattijo ba ya iya leƙa wayar kowa.

Namu dai ya ci. Muka rubuta masa wasiƙar taya murna, a sakin layi na ƙarshe muka saƙala maganar cibiyar. Kwafin na nan cikin fayil a ofis, ni na buga shi, amsa ce dai har ya sauka ba ta zo ba.