Darussan da na koya wurin haɗa kicin na lantarki cikin motar iyali

Duk wanda zai sa abin girki na lantarki cikin motar da iyali ke tafiya su kwana cikinta, to batir ne zai zaɓa mashi abin da zai saya. Wanga shi ne babban abin da aikin sola ya koya mani nan Birnin Kebbi, tun ina yaron shago ina riƙe ma ogana jakar kaya har yau da nike haɗa inbata, na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida, da kaina. Irin motocin nan da ake maidawa gida, a sa gado da ɗan kicin, can Turai da Amurka suka fi yawa, amma mu ma jefi-jefi akan kawo muna Hiace ko Coaster a ce a cire kujerun baya a shirya ta, saboda zuwa gona wajen Yawuri ko Bagudo, ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu da masauki ke wuya.

Lissafin ba shi da wahala amma mutane ba su son jin shi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 abin da ke cikinshi yunit 2.4 ne na wuta (yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya), kuma in mai ruwa ne rabi kawai za ka sha in kana son ya daɗe, lithiyam ne ke yarda a sha kusan kashi 80 ko 90 cikin 100. To hotfilet ɗin nan da kowa ya saba da shi yana cin wat 1500, ka ga kenan ko awa ɗaya ba zai yi bisa batir mai ruwa ba, wake bai ko fara laushi ba inbata ta fara kuka. Sannan wat 1500 bisa bolt 12 ya wuce amfiya 125 da ke bi cikin waya, dole wayar batir ta yi kauri kamar babban yatsa kuma a sa mata fis kusa da batir, in ba haka ba robarta ce za ta narke ƙarƙashin gadon da yara ke kwance. Ramin cajin da ke gaban direba kuwa yawanci amfiya 10 ne, wat 120, cajin waya aka yi shi don shi. Kuma batirin tada mota ba a taɓa shi, a sayi na girki daban.

Abu na biyu, ogana ne ya koya mani shi: kafin ka rubuta kaya ka nemi izini ka yi magana da mai girkin. Akwai wani Alhaji da ya zo da indokshin, wato murhun lantarki mai fuskar gilashi, sabo fil cikin kwali, mai wat 2000, ya ce shi za a sa. Ogana ya ce ranka ya daɗe a aiko da tukwanen da Hajiya ke tafiya da su mu gani. Da aka kawo sai ga tukwanen alminiyam irin na maƙeranmu masu zagayayyen gindi, ogana ya ɓalle mayen ƙarfe daga wata tsohuwar lasifika ya ɗora ga gindin tukunya ya zame ya faɗi ƙasa, ya ce to Alhaji ka gani, duk tukunyar da mayen ƙarfe bai kama ba indokshin ba ya ko sanin an ɗora ta. Ita kuma Hajiya da aka kira ta abin da ta fara tambaya shi ne, ɗana, wanga gilashin zai iya ɗaukar tuƙin tuwon shinkafa na mutum 8? Gaskiya ta fi mu ganin abin, don in ka sa muciya da ƙarfi tukunya na ɗagawa, shi kuma indokshin da ya ji tukunya ta ɗaga sai ya yanke wuta yana ƙara, ga tsoron gilashi ya tsage. Yana da sauri kam, yana da tsimin wuta fiye da hotfilet nesa ba kusa ba, amma sai an sake tukwane kuma sai inbata babba mai tsabtatacciyar wuta, ba ƴar arha mai gurnani ba.

Ni dai abin da nike ba mutane shawara yanzu tukunyar firesha ce ta lantarki, mai lita 6, wat 1000. Dalili kuwa ba ta jan wuta tun farko har ƙarshe, da tururi ya cika ta ɗauke, sai dai ta riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan, jikinta kuma a rufe yake zafi bai fita. Shinkafa da wake, dafa-duka, farfesun kifi, har ganda da ƙafar saniya, mafi yawansu da ƙyar su ci rabin yunit. Murfinta na kullewa, yaro ba zai buɗe ba. Kuma ba ta ƙara ma mota zafi sosai, wanda duk ya san Kebbi cikin Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda ta gaza suya ce, ƙosai da masa da soyayyen kifi ba aikinta ba ne, wannan sai ƙaramar silindar gas, ita ma a fito da ita waje a girka. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasan mota yake kwanciya. Gawayi kuwa cikin rufaffiyar mota kisa yake, wallahi ko da wasa kada a gwada.

Butar lantarki ita ce ke yaudarar mutane don ƙarama ce, alhali da yawansu wat 2000 suke ci, shayin safe kawai sai ta kashe ƙaramar inbata. A nemi mai wat 800 ko 1000, a tafasa a juye filas, kuma abu ɗaya ake kunnawa lokaci guda. Kayan gwanjo ma a juya gindinsu a karanta, na Amurka bolt 120 ne mu kuma 230 muke, sakawa ɗaya sai hayaƙi.

Rufin mota bai da faɗi, in an samu fanel biyu masu wat 400 an gode Allah, kuma lokacin hunturu ƙura na rufe su sai an riƙa gogewa kullum. Shi ya sa nike ce ma uwayen gida su ɗora girki tsakanin hantsi da azahar sadda rana ke zuba wuta, a dafa har na dare a bar shi cikin kula, batir kuma a bar ma fanka da fitila. Mota na tafiya ba a girki, tukunya a ɗaure ta cikin akwati ƙasa har sai an tsaya an ja birkin hannu.